Shekaru da Lafiyar Ɗan Takarar Shugaban Ƙasa: Tanadin Doka da Darussan Tarihi

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato a Najeriya, batun shekarun 'yan takarar shugaban ƙasa da ƙoshin lafiyarsu kan dawo bakin jama'a. Magoya baya kan ce gwaninsu garau yake, 'yan hamayya kuma su ce ƙarfinsa ya ƙare, sai muhawarar ta koma gugar zana maimakon neman gaskiya. Amma batun ya wuce siyasar jam'iyyu. Shugaban ƙasa shi ne babban kwamandan askarawan ƙasa, shi ke sanya hannu a kan kasafin kuɗi da sauran dokoki, shi ke naɗa ministoci da jakadu, shi kuma ake jira ya yanke shawara a daren da rikici ya ɓarke. Idan ya kwanta ciwo ba tare da an san wanda ke riƙe da ragama ba, ƙasar ce gaba ɗaya ke tsayawa cik.

Tarihin Najeriya da na wasu ƙasashe ya nuna cewa yawan shekaru kaɗai bai isa a auna cancanta da shi ba. Abin da ya fi jefa ƙasashe cikin ruɗani shi ne ɓoye rashin lafiya da ƙin miƙa mulki a lokacin da shugaba ya kasa aiki.

Sharuɗɗan tsayawa takara

Sashe na 131 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya gindaya sharuɗɗa huɗu ga mai neman kujerar shugaban ƙasa. Dole ya kasance haifaffen ɗan Najeriya, ya kai shekarun da aka ƙayyade, ya kasance ɗan wata jam'iyyar siyasa wadda za ta tsayar da shi, kuma ya yi karatu aƙalla zuwa matakin shaidar kammala sakandare ko makamanciyarta. Tun farko shekarun da aka ƙayyade 40 ne. A ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan gyaran da ya rage su zuwa 35, bayan doguwar fafutukar ƙungiyoyin matasa. Wannan gyara ne kuma ya rage shekarun takarar Majalisar Wakilai da majalisun dokokin jihohi daga 30 zuwa 25.

Kundin ya faɗi mafi ƙarancin shekaru, amma bai sanya iyaka daga sama ba. Mai shekara 90 yana da 'yancin tsayawa takara kamar yadda mai shekara 35 yake da shi. Ta fuskar lafiya kuwa, abin da Sashe na 137 ya ambata shi ne cewa wanda aka yanke masa hukuncin taɓin hankali a ƙarƙashin wata doka ta ƙasa bai cancanci tsayawa ba. Babu wani sashe da ya wajabta wa ɗan takara ya miƙa kansa ga likitoci masu zaman kansu, ko ya bayyana wa jama'a sakamakon binciken lafiyarsa.

A nan ne masu sharhi kan nuna wani bambanci. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Malaman firamare da sakandare, bisa dokar 2022, suna kaiwa shekara 65 ko 40 a aiki. Farfesoshin jami'a da alƙalan manyan kotuna suna ajiye aiki a shekara 70. Amma wanda ke naɗa waɗannan alƙalai ba shi da irin wannan iyaka. Masu kare tsarin kan amsa cewa ma'aikaci ɗaukarsa aka yi, shugaba kuwa zaɓensa aka yi, don haka jama'a ce ke da ikon cewa ya tsufa ko bai tsufa ba.

A zaɓen 2023, manyan 'yan takara huɗu duk sun haura shekara 60. Atiku Abubakar yana da 76, Bola Ahmed Tinubu yana da 70, Rabi'u Musa Kwankwaso yana da 66, Peter Obi kuma yana da 61. Kafin su, Shehu Shagari ya hau mulki a 1979 yana da shekara 54, Olusegun Obasanjo ya dawo a 1999 yana da 62, Buhari kuma ya karɓi mulki a 2015 yana da 72, ya sauka a 2023 yana da 80.

Abin da shekaru ke yi wa jiki

Likitoci sun yi ittifaƙi cewa haɗarin kamuwa da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da sankara yana ƙaruwa yayin da shekaru ke ja. Haka ma raunin ji da na gani, da jinkirin murmurewa bayan jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tsufa shi ne babban abin da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa, amma ta jaddada cewa cutar ba dole ba ce ga duk wanda ya tsufa. Mutum biyu masu shekara 75 za su iya bambanta matuƙa: ɗaya na karatu da tafiye-tafiye da jagorantar taro na sa'o'i, ɗaya kuma ba ya iya tashi sai an tallafa masa.

Akwai kuma bambanci tsakanin ciwon da ke rage ƙarfin jiki da wanda ke taɓa tunani. Shugaba mai ciwon gwiwa ko mai amfani da keken guragu yana iya gudanar da mulki sarai. Franklin Roosevelt ya jagoranci Amurka shekara 12 alhali ƙafafunsa sun shanye tun 1921. Amma ciwon da ke rage fahimta, ko riƙe bayani, ko iya auna shawarwari masu karo da juna, shi ne ke taɓa ainihin aikin. Irin wannan ciwo yakan shigo sannu a hankali, kuma na kusa da mai mulki ne kan fara lura da shi, su ne kuma suka fi kowa dalilin yin shiru.

Wa'adin mulki ma abin lura ne. Mai zaɓe ba ranar zaɓe kaɗai yake zaɓa wa shugaba ba, shekara huɗu ce, wataƙila takwas. Ɗan takara mai shekara 74 da ya yi wa'adi biyu zai sauka yana da 82.

A ɗaya ɓangaren, Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Shekaru kan zo da gogewa, da haƙuri, da sanin mutane. Konrad Adenauer ya zama shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma a 1949 yana da shekara 73, ya riƙe ta har 1963, a lokacin da ƙasar ta farfaɗo daga kufan yaƙi. Nelson Mandela ya hau mulkin Afirka ta Kudu a 1994 yana da 75, ya yi wa'adi ɗaya ya sauka don kansa. Mahathir Mohamad ya sake zama firaministan Malesiya a 2018 yana da 92. Ƙuruciya kuma ba ta zama tabbacin lafiya ba. John Kennedy, wanda ya zama shugaban Amurka yana da shekara 43, ya sha fama da cututtuka masu tsanani da aka ɓoye wa jama'a a lokacin.

Darasin zamanin 'Yar'aduwa

Shugaban da rashin lafiyarsa ta fi girgiza Najeriya ba tsoho ba ne. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulki a ranar 29 ga Mayu, 2007, yana da shekara 55. Tun yana gwamnan Katsina an san yana fama da ciwon ƙoda. A watan Maris na 2007, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, an garzaya da shi Jamus, jita-jita ta bazu cewa ya rasu, har sai da Shugaba Obasanjo ya kira shi ta waya a gaban taron jama'a don a ji muryarsa.

A ranar 23 ga Nuwamba, 2009, aka tafi da shi wani asibiti a Jidda ta ƙasar Saudiyya. Likitansa ya ce yana fama da kumburin fatar da ke lulluɓe da zuciya. Bai aika wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa wasiƙar da Sashe na 145 ya ambata ba, wadda da ita ce Mataimakin Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan zai zama muƙaddashi. Yadda aka rubuta sashen a wancan lokaci bai faɗi abin da za a yi ba idan shugaba bai aika wasiƙar ba. Haka ƙasar ta zauna babu shugaba a gida, babu kuma muƙaddashi. A ƙarshen Disamba na 2009, Alƙalin Alƙalai mai barin gado, Idris Legbo Kutigi, shi ya rantsar da magajinsa Aloysius Katsina-Alu, aikin da aka saba ganin shugaban ƙasa na yi. An shigar da ƙararraki a kotu, an yi zanga-zanga a Abuja da Legas, Ministar Yaɗa Labarai Dora Akunyili kuma ta gabatar wa takwarorinta takardar neman a miƙa mulki.

Sai a ranar 9 ga Fabrairu, 2010, bayan kwana 78, Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka zartar da ƙudurin mayar da Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa. Sun dogara da ƙa'idar larura, suka ɗauki wata gajeruwar hira da 'Yar'aduwa ya yi da BBC ta waya a watan Janairu a matsayin sanarwar cewa yana jinya. An dawo da shi Abuja cikin dare a ranar 24 ga Fabrairu, bai sake fitowa bainar jama'a ba har Allah ya yi masa rasuwa a ranar 5 ga Mayu, 2010, yana da shekara 58.

Wannan lamari ne ya sa aka gyara Sashe na 145 a 2010. Yanzu idan shugaban ƙasa zai tafi hutu ko ya kasa gudanar da aiki, wajibi ne ya aika wasiƙa ga Shugaban Majalisar Dattawa da Kakakin Majalisar Wakilai. Idan kwana 21 suka wuce bai aika ba, majalisun biyu za su ba mataimakinsa ikon riƙon ƙwarya da ƙuduri mai rinjaye na sauƙi.

An ga amfanin gyaran a 2017. Shugaba Buhari ya tafi Landan jinya a ranar 19 ga Janairu ya dawo 10 ga Maris, sannan ya sake tafiya 7 ga Mayu ya dawo 19 ga Agusta, bayan fiye da kwana 100. A duka tafiye-tafiyen ya aika wa majalisa wasiƙa, Farfesa Yemi Osinbajo ya zama muƙaddashi. Osinbajo ne ya rantsar da Walter Onnoghen a matsayin Alƙalin Alƙalai a watan Maris, shi ne kuma ya sanya hannu a kan kasafin kuɗin 2017 a watan Yuni. Ba a bayyana wa jama'a ainihin ciwon ba, abin da ya jawo suka da jita-jita, amma ba a yi taƙaddama kan wanda ke riƙe da gwamnati ba. Buhari ya girmi 'Yar'aduwa da shekara tara, jinyarsa ma ta ɗauki watanni. Abin da ya raba lamuran biyu shi ne wasiƙar miƙa mulki.

Idan shugaba ya kasa aiki baki ɗaya

Sashe na 144 ya tanadi hanyar sauke shugaban ƙasa ko mataimakinsa saboda gazawa ta dindindin. Matakin farko shi ne kashi biyu cikin uku na dukkan mambobin Majalisar Zartarwa ta Tarayya su zartar da ƙuduri cewa ya kasa. Daga nan Shugaban Majalisar Dattawa zai naɗa kwamitin likitoci biyar, ɗaya daga cikinsu likitan shugaban ne, sauran huɗun kuma ƙwararru ne a fannin ciwon da ake bincike a kai. Idan suka tabbatar cewa ciwon jiki ko na ƙwaƙwalwa ya hana shi aiki har abada, shugabannin majalisun biyu za su sanya hannu a kan sanarwa, a buga ta a jaridar gwamnati, kuma daga ranar ya bar kujera. Sashe na 146 ya ce mataimaki ne zai gaje shi. Idan kujerun biyu suka zama babu kowa, Shugaban Majalisar Dattawa zai riƙe na tsawon da bai wuce wata uku ba, a gudanar da sabon zaɓe.

Ba a taɓa sauke wani shugaban Najeriya ta wannan hanya ba. Masana shari'a kan danganta hakan da cewa ministocin da ake so su fara ɗaukar matakin, shugaban ne ya naɗa su, kuma kujerunsu na rataye da tasa. A zamanin jinyar 'Yar'aduwa, majalisar ministoci ta bayyana cewa yana iya gudanar da aikinsa, alhali akasarin mambobinta ba su sa shi a ido ba. Jihohi ma sun ɗanɗana irin wannan. Bayan hatsarin jirgin sama da Gwamna Danbaba Suntai na Taraba ya yi a watan Oktoba na 2012, jihar ta shafe fiye da shekara biyu cikin jayayya kan ko ya warke har zai iya komawa aiki.

Dokar zaɓe ma ta koyi darasi daga mutuwar ɗan takara. Abubakar Audu ya rasu a ranar 22 ga Nuwamba, 2015, yana kan gaba a zaɓen gwamnan Kogi da ba a kammala ba, doka kuma ba ta tanadi abin yi ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta cike wannan giɓi, ta ce idan ɗan takarar shugaban ƙasa ko na gwamna ya rasu bayan an fara jefa ƙuri'a kafin a bayyana sakamako, abokin takararsa ne zai ci gaba, ya zaɓi sabon mataimaki.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Amurka ta daɗe tana fama da wannan tambaya. Woodrow Wilson ya gamu da shanyewar ɓarin jiki a watan Oktoba na 1919, matarsa da likitansa suka killace shi, suka riƙa tace abin da ke isa gare shi har wa'adinsa ya ƙare a 1921. An zaɓi Roosevelt karo na huɗu a 1944 yana fama da hawan jini da ciwon zuciya da ba a sanar da masu zaɓe ba, ya rasu a watan Afrilu na 1945, ƙasa da wata uku bayan rantsar da shi. A 1967 ƙasar ta amince da gyara na 25 ga kundin tsarin mulkinta, wanda ya tsara miƙa mulki na ɗan lokaci. George W. Bush ya yi amfani da shi a 2002 da 2007, Joe Biden kuma a 2021, duk a lokacin da likitoci za su sa su barci don bincike. Ɓangaren gyaran da ya ba mataimaki da ministoci damar karɓe iko daga shugaban da ya kasa, ba a taɓa amfani da shi ba. A 2024 Biden, yana da shekara 81, ya janye daga takara a ranar 21 ga Yuli, bayan muhawarar talabijin ta 27 ga Yuni ta ƙara wa jama'a shakku kan ƙarfinsa. Donald Trump da ya lashe zaɓen an rantsar da shi yana da 78.

A Faransa, François Mitterrand ya yi alƙawarin fitar da rahoton lafiyarsa a kai a kai, kuma an riƙa fitarwa. Daga baya ta bayyana cewa an gano yana da sankara tun 1981, ba a sanar ba sai 1992. Wannan ya nuna cewa rahoton likitan da shugaba ya zaɓa da kansa ba lallai ya faɗi duka gaskiya ba.

A Afirka, Abdul'aziz Bouteflika na Aljeriya ya samu shanyewar ɓarin jiki a 2013, aka sake zaɓensa a 2014 ba tare da ya fita yaƙin neman zaɓe da kansa ba. Yunƙurin neman wa'adi na biyar ya jawo gagarumar zanga-zanga, ya yi murabus a ranar 2 ga Afrilu, 2019. Ali Bongo na Gabon ya gamu da irin wannan ciwo a Riyad a 2018, ya ci gaba da mulki har sojoji suka kifar da shi a watan Agusta na 2023. A Tunisiya kuwa, Firaminista Zainul Abidin Ben Ali ya kawar da Habib Bourguiba a ranar 7 ga Nuwamba, 1987, da takardar likitoci da ta ce ya kasa, sannan shi kansa ya zauna kan mulki har 2011. Ke nan hujjar rashin lafiya na iya zama makami a hannun mai son kujera. Ghana ta nuna wani misali dabam: ranar da John Atta Mills ya rasu, 24 ga Yuli, 2012, a ranar aka rantsar da mataimakinsa John Mahama.

Ƙasashe sun sha bamban kan iyakar shekaru. Jamhuriyar Benin ta ƙayyade 40 zuwa 70, ta kuma wajabta wa ɗan takara binciken likitoci uku da Kotun Tsarin Mulki ke naɗawa. Senegal ta sanya iyakar 75 a 2016. A wannan shekarar Kwaddebuwa ta cire tata iyakar ta 75, Yuganda ta bi sahu a 2017, kuma a ƙasashen biyu shugabannin da ke kan mulki ne suka amfana. Kamaru ba ta da iyaka, Paul Biya da ke mulki tun 1982 ya sake tsayawa a 2025 yana da shekara 92.

Tsakanin sirrin mara lafiya da haƙƙin jama'a

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kare sirrin mara lafiya, ba a bayyana shi sai da izininsa ko umarnin kotu ko wata buƙata da doka ta amince da ita. Ɗan takara ma ɗan ƙasa ne, yana da wannan haƙƙi. A al'adar Bahaushe da ta sauran ƙabilun Najeriya ma, tona ciwon babba abin kunya ne, kuma kowa ya san cuta da mutuwa na Allah ne, ba a yi wa mutum gori da su.

Masu neman a yi gyara kan ce wanda ya nemi amanar mutane fiye da miliyan 200 ya rage wa kansa wani ɓangare na wannan sirri. Ba sa neman a baje dukan tarihin jinyarsa, sai dai a tabbatar cewa babu ciwon da zai hana shi aiki. Wasu na ba da shawarar kwamitin likitoci mai zaman kansa irin na Benin, wasu na son a cire matakin farko na Sashe na 144 daga hannun ministoci kaɗai, wasu kuma na son iyakar shekaru. Masu adawa da iyakar shekaru na cewa za ta hana lafiyayyen dattijo, ta kuma bar matashi mara lafiya ya wuce, kamar yadda babu iyakar da za ta hango abin da ya faru a 2009.

Kafin a kai ga irin waɗannan gyare-gyare, doka ta bar hukuncin a hannun jam'iyyu da masu zaɓe. Abin da mai zaɓe ke iya gani da idonsa shi ne ko ɗan takara na halartar muhawara, ko yana amsa tambayoyin 'yan jarida kai tsaye ba tare da rubutacciyar takarda ba, da yadda ya yi a baya idan jinya ta raba shi da ofis, ya miƙa aiki ko ya riƙe. Akwai kuma sunan da ke biye da nasa a takara. A 2010 da 2017, ragamar Najeriya ta koma hannun mataimakin shugaban ƙasa saboda rashin lafiya, kuma ƙuri'ar da aka jefa wa shugaban ita ce ta kai mataimakin wannan matsayi.